Jadallah Jubara: Daga Motar Majigi Zuwa Tajuj



Hausawa sun ce gani ya kori ji. Gaskiya ne, sai dai akwai tambayar da karin maganar bai amsa ba: wane ne ya zaɓa maka abin da za ka gani? Idan aka haska fim a allo, mai kallo yana zaton idonsa ne yake aiki, alhali kuwa idon wani ya ara. Wani ne ya tsaya a bayan kyamara ya ce a ɗauki wannan a bar wancan, a matso kusa da fuskar wane, a bar su wane can nesa kamar tururuwa. Shi ake kira darakta, ko mai ba da umarni. A bayansa kuma akwai wanda ya fi shi iko, wato mai biyan kuɗin aikin.

Rubutunmu na yau a kan mutumin da ya shafe sama da shekara 50 yana kokawa da wannan al'amari ne a ƙasar nan. Sunansa Jadallah Jubara. An haife shi a 1920, ya rasu a 2008, ya bar gajerun fina-finai fiye da 50 da manyan fina-finan labari guda 3. Ba Bahaushe ba ne. Amma gonakin da kakanninmu suka yi wa hidima suna cikin abin da aka fara ɗora masa ya ɗauka, kuma makarantar da ta koya masa sana'a ita ce ta haifi majigin da 'yan uwanmu na Kano da Sakkwato suka sani. Saboda haka labarinsa ya shafe mu ta fuska biyu.

Sudan a idon baƙi

Kyamarar fim ta shigo Sudan ne tare da bindiga. A watan Satumba na 1898, lokacin yaƙin Karari, wani Bature mai suna John Benett-Stanford da ya biyo rundunar Kitchener ya ɗauki ɗan gajeren fim a kusa da Umdurman, aka kai shi Landan aka nuna. Sojojin Ingila ne a cikinsa suna shirin faɗa.

Bayan shekara 30 sai ga Amurkawa. Merian Cooper da Ernest Schoedsack abokan juna ne, na farko matuƙin jirgin yaƙi ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya, na biyu kuma mai ɗaukar hoto ne a fagen daga. Sun yi suna da fim ɗin da suka yi a 1925 kan ƙaurar makiyayan Bakhtiyari a Iran, da wanda suka yi a 1927 a dazuzzukan Siyam, ƙasar da ake kira Tailan a yau. Daga nan suka zo duwatsun Bahar Maliya a gabashin Sudan, suka ɗauki hotunan mutanen Bija domin fim ɗin The Four Feathers, wato gashin tsuntsu huɗu, wanda kamfanin Paramount ya fitar a 1929. Su ne kuma suka yi King Kong a 1933, fim ɗin ƙaton birin nan da duniya ta sani.

Labarin The Four Feathers na wani hafsan sojan Ingila ne da abokansa suka zarga da tsoro, ya zo Sudan a ɓoye don ya wanke sunansa. Damuwarsa da soyayyarsa da kunyarsa su ne fim ɗin. Mutanen ƙasa kuwa taro ne na masu māsu da garkuwoyi da ke kwararowa kan sansanin Turawa. A 1939 Zoltan Korda ya sake yin labarin a Ingila, wannan karon da launi, ya kuma zo Sudan ya ɗauki manyan fitowar yaƙin. Kyan hoto ya ƙaru, matsayin ɗan ƙasa bai sauya ba. Mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, domin bayan rabin ƙarni Jubara zai nufi wannan gabas ɗin da tasa kyamarar.

Soja ya ga majigi

An haifi Jadallah Jubara a Hartum, mahaifinsa manomi ne. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya shiga sashen sadarwa na rundunar da ta yi yaƙi a Arewacin Afirka. A can ne ya fara cin karo da fim, domin hukumar Ingila takan aika motoci su haska wa sojojin Afirka labaran yaƙi don ƙarfafa musu gwiwa.

Hukumar da ke wannan aiki ita ce Sashen Fina-finai na Ƙasashen Mulkin Mallaka, wanda aka kafa a Landan a 1939. Shugabansa na farko, William Sellers, ma'aikacin kiwon lafiya ne a Legas, kuma a can ya fara amfani da fim wajen faɗakar da jama'a kan annobar da ɓeraye ke yaɗawa. Daga baya ya sa aka haɗa masa mota mai ɗauke da injin wuta da na'urar haskawa da lasifika, ya zagaya garuruwan Nijeriya har Arewa. Wannan mota ita ce Hausawa suka raɗa wa suna majigi, kalmar da ta samo asali daga sunan da Turawa ke kiran wata tsohuwar fitilar haska hotuna.

Sellers ya shimfiɗa ƙa'idojin yadda za a yi wa ɗan Afirka fim, kuma a kan raini aka gina su. A ganinsa mutumin ƙauye ba zai fahimci hoto mai sauri ba, don haka kada kyamara ta yi yawo, kada a yi saurin sauya fitowa, kada a sa abu biyu a lokaci guda. Labari kuma ya zama na mutum biyu, mai wayo da wawa: mai wayo ya bi shawarar gwamnati ya ci riba, wawa ya bi hanyar kakanninsa ya taɓe. A gefen mota akwai tafinta da lasifika yana fassara wa jama'a abin da ya kamata su gane.

A wannan makaranta Jubara ya koyi sana'a. Bayan yaƙi ya sami horo a tsibirin Kubrus, ya dawo gida ya zama mai ɗaukar hoto na Sashen Fina-finai na Sudan, wanda aka kafa a 1949, inda ya yi aiki tare da Kamal Muhammad Ibrahim mai rubuta labari da tsara shi. Aikin da aka ba su shi ne yin fina-finan faɗakarwa kan manyan ayyukan noma na gwamnati, sannan a zagaya da su garuruwa da ƙauyuka a nuna.

Auduga da masu tsinkarta

Babu aikin noma a Sudan na wancan zamani da ya kai na Jazira. An kammala madatsar Sinnar a 1925, ruwan Shuɗin Nilu ya bi manyan magudanai ya shiga tur'a, daga tur'a zuwa abu-ishirin, har ya isa kowace hawasha. Auduga mai dogon zare ta kama hanyar Bur Sudan zuwa masaƙun Lankasha a Ingila. Rabon ribar da aka fi sani shi ne kashi 40 na gwamnati, kashi 40 na masu hawasha, kashi 20 na kamfanin Turawa da ke gudanar da aikin. A 1950 wa'adin kamfanin ya ƙare, aka miƙa ragama ga Hukumar Jazira mai hedikwata a Barakat. Da aka ƙara yankin Manaƙil daga ƙarshen shekarun 1950, faɗin aikin ya kai kimanin fadan miliyan 2.

A cikin wannan rabo babu kason mai tsinka. Shi mai hawasha ne yake biyansa daga nasa, gwargwadon nauyin abin da ya tsinka. Kuma kowa a cikinmu ya san su wane ne da yawa daga masu tsinkar nan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Maiwurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci waɗanda suka tsira zuwa gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu. Kafin su da bayansu ayarin alhazai bai yanke ba, masu tafiya Makka a ƙasa, suna tsayawa su yi aiki shekara biyu ko goma don su tara guzuri, wasu su wuce, wasu su kafa gida. Hannuwansu sun haƙa magudanai, sun yi shema, sun tsinci auduga, sun tuge karanta an ƙona bayan kaka.

Jazira ta ja hankalin masu kyamara tun daga nesa. A 1953 Robin Carruthers ya yi wani gajeren fim a Ingila kan madatsun Nilu da noman rani na Sudan mai suna They Planted a Stone, har aka sa shi cikin jerin masu neman lambar Oska a Amurka. Irin waɗannan fina-finai, na baƙi da na sashen gwamnati, suna da amfaninsu. Sun koya wa mutane hanyar guje wa zazzaɓin cizon sauro da tsargiya, sun nuna wa mutumin Kurdufan yadda Jazira take, sun kuma adana mana kamannin zamanin da ya wuce. Amma manufarsu ita ce yabon aiki. Fim ɗin gwamnati yana ƙirga fadan da dilar auduga, yana nuna mufattishi a kan dokinsa ko cikin motarsa, yana nuna injin gurza. Idan ya nuna masu tsinka, layi ne na bayan mutane a sunkuye cikin farin fili. Ba a tambayar sunansu, ba a tambayar garin da suka fito, ba a jin harshen da suke waƙa da shi. Tafinta ne kawai yake magana.

Wannan ba laifin mai riƙe da kyamara ba ne shi kaɗai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jubara ma'aikaci ne, kyamarar ta gwamnati ce, zaren fim na gwamnati ne, motar da za ta kai shi ƙauye ta gwamnati ce. Sauran rayuwarsa ƙoƙari ne na fita daga wannan ƙangi.

Tuta da launi

A 1955 ya yi gajeren fim mai launi kan birnin Hartum, wanda aka sani da Waƙar Hartum. Masu tarihin silima da dama suna ƙidaya shi a matsayin fim mai launi na farko da ɗan Afirka ya yi. Babu wawa da mai wayo a cikinsa, babu darasin tsafta. Birni ne da titunansa da koginsa da mutanensa, ana nuna shi don a so shi.

Ranar 1 ga Janairu 1956, da Isma'il al-Azhari da Muhammad Ahmad Mahjub suka ɗaga tutar Sudan mai 'yanci, Jubara yana wurin da kyamararsa. A shekarun da suka biyo baya ya ɗauki ziyarar shugabanni irin su Jamal Abdunnasir na Masar da Sarki Haile Selassie na Habasha, ya ɗauki shimfiɗa layin dogo da gina masana'antu da madatsun ruwa, a zamanin da aka gina ta Khashm al-Girba a 1964 da ta Rusairis a 1966. Ya kuma ɗauki daren Hartum da makaɗansa da wuraren shaƙatawarsa. Yawancin abin da matasan yau suke gani a intanet suna mamakin yadda babban birnin yake a da, daga irin wannan aiki ya fito.

Abin da ya tarar a Kalifoniya

A ƙarshen shekarun 1950 ya sami tallafin ƙaro ilimin fim a jihar Kalifoniya ta Amurka, mahaifar Holiwud. Ya isa ne a daidai lokacin da tsohon tsarin masana'antar yake rushewa, kuma sanin wannan tsari zai taimaka wa mai karatu ya fahimci matakin da ya ɗauka daga baya.

Daga shekarun 1920 zuwa na 1940 manyan kamfanoni kaɗan ne suka mallaki komai a Holiwud: wuraren ɗaukar fim, 'yan wasa, marubuta, har da gidajen silima da ake nuna fim ɗin. Darakta, komai girman sunansa, ma'aikaci ne mai albashi. Kamfani ne yake ba shi labari, kamfani ne yake da maganar ƙarshe wajen yanka da haɗawa. A 1948 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukuncin da ya tilasta wa kamfanonin rabuwa da gidajen silimansu, talabijin kuma ta shiga gidaje ta janye masu kallo.

Tun kafin wannan hukunci manyan daraktoci sun fara neman 'yancin kansu. John Ford ya haɗa gwiwa da Merian Cooper, wanda muka ambata ɗazu, suka kafa kamfanin Argosy. Frank Capra da William Wyler da George Stevens, waɗanda duk sun yi wa sojan Amurka aikin fim a lokacin yaƙi, suka haɗu a kamfanin Liberty. Fim ɗinsu na farko, It's a Wonderful Life na 1946, bai mayar da kuɗinsa ba a lokacin, kuma ba a jima ba suka sayar da kamfanin ga Paramount. Ke nan ko a ƙasar da ta fi kowace kuɗi da masu kallo, daraktan da ya ce zai tsaya da ƙafarsa yana iya faɗuwa. Bambancin kawai shi ne, ubangidan daraktan Amurka kamfani ne mai neman riba, na ɗan Sudan kuwa gwamnati ce mai neman yabo.

Jubara ya dawo a 1962 aka naɗa shi shugaban Sashen Fina-finai. Muƙami ya ƙaru, ubangida bai sauya ba. Janar Ibrahim Abbud ne yake mulki a lokacin, juyin Oktoba na 1964 ya kawar da shi, farar hula suka zo, Ja'afar Numairi ya kawar da su a watan Mayu na 1969. Kowace gwamnati tana son a ɗauki bikinta da ziyararta da tubalin da ta aza.

Situdiyo na kansa

A waɗannan shekaru ne masu yin fim na Afirka suka fara haɗuwa. An fara bikin fina-finai na Wagadugu, wato Fespaco, a 1969, an kuma kafa ƙungiyar masu shirya fim ta Afirka a daidai wannan lokaci. Ana lissafa Jubara cikin waɗanda suka aza harsashinsu, tare da irin su Usman Samben na Senegal. Babbar lambar bikin ta farko, a 1972, Umaru Ganda na Nijar ne ya ɗauke ta. Maganar da ta haɗa su ɗaya ce: waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

A gida ma an fara motsi. A 1970 Ibrahim Mallasi da Rashid Mahdi, mai gidan hoto na Atbara, suka fitar da Amal wa Ahlam, babban fim ɗin labari na farko a Sudan. A 1974 Jubara ya ajiye aikin gwamnati yana da shekara 54, ya kafa Situdiyo Jad a Hartum, wurin shirya fim mai zaman kansa na farko a ƙasar. Mutumin da ya kai wannan shekaru a kan kujerar shugabanci yakan jira fansho ne. Shi kuwa ya zuba abin da ya mallaka a sana'ar da ba ta da kasuwa tabbatacciya.

Matsalolin a fili suke. Zaren fim daga waje ake sayo shi da kuɗin waje. Yawancin masu fim na Afirka a lokacin sai sun aika abin da suka ɗauka zuwa ƙetare a wanke, su jira makonni kafin su ga ko aikin ya yi kyau. Gidajen silima na Hartum da Umdurman da Madani da Atbara cike suke da fina-finan Indiya da Masar da Amurka, waɗanda sun riga sun mayar da kuɗinsu a wasu ƙasashe, don haka hayarsu ba ta da tsada. Fim ɗin gida kuwa dole ya fitar da dukan kuɗinsa daga aljihun 'yan ƙasa.

Tajuj

Duk da haka, a ƙarshen shekarun 1970 ya kammala Tajuj. Labari ne da duk ɗan Sudan ya sani, na Tajuj da ɗan baffanta Muhallaƙ, 'yan ƙabilar Hamran ta gabashin ƙasar. Usman Muhammad Hashim ya mayar da shi littafi a 1948. A fim ɗin, Muhallaƙ ya ambaci sunan Tajuj a cikin waƙa a bainar jama'a, abin da al'adarsu ta ɗauka tozarta yarinya ne da gidansu, sai baffansa ya hana shi aurenta. Ya bar gari, ya dawo ya nemi gafara, amma kafin nan wani mai suna Ohaj ya shigo neman aurenta. Kishi ya shiga, ƙarshen al'amari ya zama baƙin ciki. Mawaƙi Salah ibn al-Badiya ne ya fito a matsayin Muhallaƙ. Bahaushe ba ya bukatar tafinta kafin ya gane nauyin wannan laifi, domin mu ma mun san kunya, mun san abin da ake faɗa a dandali da abin da ake bari a zuci.

A nan ne ya kamata a tuno da Cooper da Schoedsack. Yankin ƙasa ɗaya ne, gabashin Sudan, da raƙumansa da takubbansa da mazajensa masu tarin suma. A 1929 an nuna su a matsayin ambaliyar da ke barazana ga Bature. A Tajuj kyamara ta matso kusa, kowa yana da suna da dangi da abin da ke cin zuciyarsa, kuma babu Baturen da ake jira ya zo ya ba labarin ma'ana. Fim ɗin ya sami lambar yabo a Alƙahira, an kuma nuna shi a bukukuwan fina-finai na ƙasashe da dama. Ta fuskar kayan aiki bai kai na Holiwud ba, kuma ba zai yiwu ya kai ba. Abin da ya fi su da shi shi ne wurin da mai kyamarar ya tsaya.

Duhu

A 1984 ya yi wani fim kan 'yarsa Sara, wadda shan-inna ta kama tun tana ƙarama, ta koyi ninƙaya a matsayin magani, har ta wakilci Sudan a gasar ninƙaya mai nisa tsakanin Kafri da Nafoli a Italiya. Sara ta yi karatun fim a Alƙahira, kuma ana ɗaukarta mace ta farko da ta zama darakta a Sudan.

Daga nan zamani ya juya wa silima baya. Tattalin arziki ya durƙushe, bidiyo ya shiga gidaje. Bayan juyin mulkin 30 ga Yuni 1989, dokar hana fitar dare ta kashe kasuwar gidajen silima, waɗanda yawancinsu ba su da rufi, sai rana ta faɗi suke aiki. Hukumar silima ta ƙasa ta watse, gidajen suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar da Ibrahim Shaddad da abokansa suka kafa a watan Afrilu na wannan shekara don yin fim ba tare da gwamnati ba, ba ta yi wata uku ba aka rufe ta.

Jubara bai daina ba. A 1998 ya fitar da Barakat al-Shaikh, kan masu damfarar jama'a da rigar malanta. Yana da kimanin shekara 80 hukuma ta ƙwace situdiyonsa, aka shiga shari'a mai tsawo, kuma a daidai wannan lokaci ya rasa ganinsa. Mutumin da ido ne jarinsa ya wayi gari makaho. Sai Sara ta zama idonsa. Tare suka kammala fim ɗinsa na ƙarshe a 2006, wanda ya ɗauko daga littafin Victor Hugo na Faransa kan talakawa da zalunci, ya mayar da labarin Sudan. A wannan shekarar aka karrama shi a bikin ba da lambobin fina-finan Afirka da ake yi a Nijeriya. Ya rasu a watan Agusta na 2008. An kuma rushe ginin situdiyon.

Gwangwanayen fim

Zaren fim abu ne mai rai da ajali. Idan zafi da laima suka dame shi yakan fara warin tsami, ya ƙanƙance, ya manne da juna, hoton ya narke. A yanayi irin na Hartum 'yan shekaru sun isa su hallaka aikin rayuwar mutum. Iyalinsa ne suka kwashe gwangwanayen suka adana, har a tsakiyar shekarun 2010 cibiyar Arsenal ta birnin Balin a Jamus ta ɗauki nauyin mayar da kaso mai yawa daga cikinsu zuwa na'ura mai ƙwaƙwalwa, aka sake nuna su a Sudan da waje.

Wannan cibiya ita ce kuma ta ceto wani aiki da ya fi kusa da mu. Adamu Halilu, wanda aka haifa a Garkida a 1936, ya bi hanya irin ta Jubara: ya fara da fina-finan faɗakarwa na gwamnatin Arewacin Nijeriya, sannan a 1976 ya yi Shaihu Umar da harshen Hausa, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi da uwar da ta bi sawunsa. Fim ɗin ya ɓace shekaru da yawa, sai da aka gano gwangwanayensa a wani tsohon ginin sashen fina-finai a Legas, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin Balin na 2018. Mutum biyu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, makaranta ɗaya ta yaye su, kowannensu ya juya kyamara zuwa labarin mutanensa, kuma gwamnatocin da suka yi wa hidima ba su ne suka adana aikinsu ba.

Darajar wannan kwafi ta fito fili bayan 15 ga Afrilu 2023. Ginin rediyo da talabijin na Umdurman, inda aka tara tsoffin fina-finan gwamnati, ya zama fagen daga kusan shekara guda. Madani ta faɗa cikin yaƙi a watan Disamba na wannan shekara, Sinja ta biyo baya a 2024. Abin da yake da kwafi a wani wuri ya tsira. Abin da yake wuri ɗaya tak yana hannun ƙaddara.

Zuriyar sana'arsa kuwa ba ta yanke ba. A 2019 Amjad Abul Ala ya sami lambar yabo a Fenis da fim ɗin da labarinsa ke gudana a wani ƙauyen Jazira, Suhaib Gasmalbari kuma ya sami tasa a Balin da fim kan tsofaffin nan huɗu, su Ibrahim Shaddad, da ke ƙoƙarin sake buɗe gidan silima a Umdurman.

Abin da Jubara ya sayar da kwanciyar hankalinsa don ya mallaka, yau yana cikin aljihun kowane saurayi da budurwa a ƙauyukanmu. Wayar hannu tana ɗaukar hoto mai launi da murya, ba ta bukatar zare daga Landan ko izinin mufattishi. A cikinmu har yanzu akwai dattawan da iyayensu suka ba su labarin hanyar gabas baki da baki, akwai tsofaffin mata da suka san waƙoƙin tsinkar auduga da na daɓe, akwai masunta da suka san kogin kafin a gina madatsar Rusairis. Wanda zai ɗauke su, ya matso da kyamara kusa da fuska, ya bar su su faɗi sunansu da na iyayensu da garin da aka taso, da harshen da suka ga dama. Ya rubuta rana da wuri. Sannan kada ya bar abin a waya ɗaya, ya aika wa ɗan uwa a wani gari, ko a wata ƙasa.

Allah ya jiƙan Jadallah Jubara da Adamu Halilu, ya jiƙan magabatanmu da suka sunkuya a gonakin Jazira, ya mayar da kowa gidansa lafiya.